Charles Aznavour: Shin Sai Baƙo Ya Zubar da Asalinsa Kafin Ya Zama Ɗan Gari?

Hausawa kan ce baƙo raɓa ne, da safe yana nan, rana na ɗagawa sai a neme shi a rasa. Maganar ta dace da fatake da matafiya, amma ba ta ce kome ba game da ɗan da baƙon ya haifa a masauki, wanda ya buɗe ido bai ga wani gari ba sai wannan, a cikin gida ana yi masa magana da harshe ɗaya, idan ya fita kuma ya tarar da wani. Irin wannan ɗa ne Charles Aznavour, mawaƙi kuma ɗan wasan fim, wanda Faransawa ke furta sunansa kamar a ce "Sharl Aznabur".

Ranar 5 ga Oktoba 2018, kwana huɗu bayan rasuwarsa yana da shekara 94, aka ajiye akwatin gawarsa lulluɓe da tutar Faransa a farfajiyar Invalides da ke birnin Paris, wurin da ƙasar ke karrama manyan mutanenta. Shugaban Faransa Emmanuel Macron ya yi jawabi, firaministan Armeniya Nikol Pashinyan shi ma ya yi. Ƙasashe biyu suka yi makokin mutum ɗaya, kowace tana cewa ɗanta ne.

Sai dai kuma shekara biyar kafin wannan rana, wato a 2013, Aznavour ya faɗa da bakinsa a wata hira da gidan rediyon RTL cewa ya ajiye kaso mai yawa na Armeniyancinsa domin ya zama Bafaranshe, kuma baƙon da ba zai iya yin haka ba gara ya kama hanya. Ra'ayin wannan maƙala shi ne cewa a nan Aznavour ya yi kuskure, kuma babbar hujjar da za a kafa masa ita ce rayuwarsa shi kansa.

Tushiya Mafarin Dawa

An haifi Aznavour a Paris ranar 22 ga Mayu 1924, sunansa na yanka Shahnour Vaghinag Aznavourian. Iyayensa Armeniyawa ne. Mahaifinsa, Misha, mawaƙi ne da aka haifa a ƙasar Jojiya. Mahaifiyarsa, Knar, ta fito daga garin Adapazari na Turkiyya, kuma ta rasa yawancin danginta a kisan ƙare-dangin da aka yi wa Armeniyawa a Daular Usmaniyya ta Turkawa daga 1915. Masana tarihi suna ƙiyasta waɗanda suka mutu tsakanin dubu 600 da miliyan ɗaya da rabi. Ma'auratan sun bi ta Girka, inda aka haifi 'yarsu ta fari Aida a 1923, sannan suka iso Paris ba su da ƙasar da za su kira tasu. Niyyarsu su wuce Amurka. Suna cikin jiran biza aka haifi ɗansu, daga nan kuma zango ya zama gari.

Uban ya buɗe gidan abinci inda 'yan gudun hijira ke taruwa, yana rera musu waƙoƙin gida. An san shi da sakin hannu ga waɗanda ba su da abin biya, har kasuwar ta karye. Yaron bai yi nisa a makaranta ba. Yana ɗan shekara 9 ya fara fitowa a dandamalin wasan kwaikwayo domin ya taimaka wa gida.

Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke a 1939, uban da ba shi da takardar zama ɗan ƙasa ya ba da kansa ga sojan Faransa. Bayan Jamusawa sun mamaye Paris, iyalin suka riƙa ɓoye Yahudawa da Armeniyawan da ake nema a ɗan ƙaramin gidansu, alhali hukuncin yin haka yana iya zama kisa. Cikin masu zuwa gidan akwai Missak Manouchian, marubucin waƙa kuma jagoran wani rukuni na baƙi masu yaƙi da mamaya, wanda 'yan Nazi suka harbe ranar 21 ga Fabrairu 1944. Matarsa Mélinée a wurin iyalin Aznavour ta sami mafaka bayan an kama mijinta. A 2017 aka ba Charles da yayarsa Aida lambar yabo ta Raoul Wallenberg saboda wannan aiki na iyalinsu.

Abin lura a nan shi ne, mutanen da suka sa ransu a haɗari domin Faransa a wancan gida, da Armeniyanci suke magana a bakin murhu. Babu wanda ya buƙaci su zubar da harshensu kafin su nuna amana, kuma amanar ba ta ragu da kome ba don suna riƙe da shi.

Shekarun Neman Ƙofa

Hanyar Aznavour zuwa ɗaukaka ta yi tsawo ƙwarai. A shekarun 1940 ya haɗa gwiwa da wani makaɗin fiyano mai suna Pierre Roche, shi yana rubuta baitoci, Roche yana sa musu kiɗa, suna rerawa tare a ƙananan gidajen rawa, daga baya har birnin Montreal na Kanada. A 1946 shahararriyar mawaƙiya Édith Piaf ta ji su, ta jawo Aznavour cikin tawagarta. Ya yi kimanin shekara takwas a ƙarƙashinta, shi ne direba, shi ne sakatare, shi ne ɗan aike. Ita ce ma ta ba shi shawarar ya je a yi masa tiyata a rage masa hanci, ya kuwa je.

Masu sharhi a jaridun lokacin ba su raga masa ba. Sun ce gajere ne, ba shi da kyan fuska, muryarsa kuma a dushe take kamar ta mai mura. Shawarar da aka fi ba shi ita ce ya ci gaba da rubuta wa wasu, ya bar rerawa ga masu murya. Ya rubuta wa Piaf, ya rubuta wa Juliette Gréco da Gilbert Bécaud, amma bai sauka daga dandamali ba. Sai ranar 12 ga Disamba 1960, a gidan wasa na Alhambra da ke Paris, ƙofa ta buɗe. A daren nan ya rera "Je m'voyais déjà", waƙar wani mawaƙi ɗan ƙauye da ya zo birni da burin shahara, shekaru suka tafi bai samu ba. Mutumin da aka yi ta faɗa wa ba zai kai ko'ina ba, sai ga shi ya ci gari da labarin wanda bai kai ko'ina ba. Lokacin yana da shekara 36, ya shafe fiye da rubu'in ƙarni yana ƙwanƙwasa ƙofar. Mai haƙuri shi kan dafa dutse.

Wajibi ne a yarda cewa a wannan hanya ya bar wasu abubuwa. Ya datse wutsiyar sunansa, Aznavourian ya koma Aznavour, kuma wannan wutsiya ta "ian" ita ce shaidar da ake gane Ba'armene da ita. Ya gyara hanci. Wanda ke son ya goyi bayan maganarsa ta 2013 zai iya nuna waɗannan ya ce ga kuɗin shiga nan, kuma ya biya. Amma bai kamata a manta ba cewa ya yi waɗannan gyare-gyare tun da wuri, kuma shekaru suka wuce ana ci gaba da yi masa dariya. Abin da ya buɗe ƙofar wani abu ne dabam.

Harshe Shi Ne Jarinsa

A al'adar waƙar Faransa, babban matsayi shi ne na mutumin da ya haɗa sana'a uku: shi ke rubuta baitoci, shi ke tsara kiɗa, shi ke rerawa. Mai sauraro a can yana bin kalmomi ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda Bahaushe ke kasa kunne ga azancin Mamman Shata fiye da yadda yake auna zaƙin muryarsa. A irin wannan kasuwa, mai murya a dushe yana iya cin riba muddin kalmominsa suna da nauyi.

Aznavour ya san bai yi karatu mai zurfi ba, don haka ya mai da kansa ɗalibi har ƙarshen rayuwarsa, yana karanta manyan marubutan Faransa, yana zama kan teburin rubutu kusan kullum kamar maƙeri a maƙera. Ya rubuta ko ya sa hannu a waƙoƙi fiye da 1,000. Salonsa shi ne ya ɗauki mutum ɗaya na yau da kullum, ya shiga rigarsa, ya ba da labarinsa cikin minti uku ko huɗu. A "Hier encore" ta 1964, dattijo ne ke lissafin yadda ya ɓarnatar da ƙuruciyarsa. A "Emmenez-moi" ta 1967, ɗan dako ne a tashar jiragen ruwa ta ƙasar sanyi, yana kallon jirage yana marmarin ƙasashen rana. A "La Bohème" ta 1965, wadda Jacques Plante ya rubuta baitocinta shi kuma ya sa kiɗa, tsohon mai zane ne ke tuna zamanin yunwa da soyayya a unguwar Montmartre. Idan yana rera ta, yakan riƙe farin hankici yana goge hannu kamar mai goge fenti, a ƙarshe ya sake shi ya faɗi ƙasa.

Da wannan jari ya ƙetare teku. A 1963 ya yi wasa a Carnegie Hall na birnin New York. A 1974 waƙarsa ta Turanci mai suna "She" ta hau kan gaba a jerin faifan da aka fi saye a Birtaniya. Ya rera waƙa da Italiyanci da Sifaniyanci da Jamusanci da wasu harsunan. Wasansa na ƙarshe a Osaka ta Japan ya yi shi, ranar 19 ga Satumba 2018, ƙasa da mako biyu kafin rasuwarsa.

A nan ne maganarsa ke da gaskiyar da ba za a musa ba. Ɗan baƙo ba ya samun gurbi a gari da rabin harshe. Aznavour bai tsaya ga Faransancin ciniki da gaisuwa ba, ya nutsa cikinsa har ya zama ana koya wa baƙi Faransanci da waƙoƙinsa. Amma koyon harshe ƙari ne a kan abin da mutum yake da shi. Babu wata ƙa'idar nahawu da ta ce sai an mance da na uwa kafin na makaranta ya zauna. Hasali ma, wanda ya saurari waƙoƙin nan da kyau zai ga cewa kewa da rabuwa da marmarin wani wuri mai nisa su ne zaren da ya ɗinke yawancinsu, kuma waɗannan kaya ne da yaro ke tsinta a gidan 'yan hijira.

Suna Ɗaya a Fina-finai Biyu

Aznavour ya fito a fina-finai fiye da 60, kuma a 1997 aka ba shi lambar girmamawa ta César, babbar lambar fim ta Faransa. Uku daga cikin fina-finan sun isa misali. A 1979 ya fito a "Die Blechtrommel" na Bajamushe Volker Schlöndorff, a matsayin Sigismund Markus, Bayahude mai sayar da kayan wasan yara a birnin Danzig, wanda ya mutu a daren da 'yan Nazi suka farfasa shagunan Yahudawa. Fim ɗin ya ci babbar lambar bikin Cannes, sannan ya ci ta Oscar.

Sauran biyun kuwa suna da wata alaƙa mai ban sha'awa. A 1960, François Truffaut ya ba shi jagorancin "Tirez sur le pianiste". A ciki ya fito a matsayin makaɗin fiyano a wata ƙaramar mashaya, wanda kowa ke kira Charlie Kohler. Can cikin labarin sai a gano cewa sunan aro ne, sunansa na gaskiya Édouard Saroyan, suna irin na Armeniyawa, kuma ya binne shi tare da tsohuwar rayuwarsa. Bayan shekara 42, a 2002, Atom Egoyan, ɗan Kanada mai asalin Armeniya, ya shirya fim ɗin "Ararat". Aznavour ya fito a matsayin tsohon darakta da ke ƙoƙarin shirya fim a kan kisan 1915, sunan daraktan kuwa Edward Saroyan. Sunan da saurayi ya ɓoye a fim na farko, shi ne dattijo ya ɗauka a fili a fim na biyu. Tsakanin waɗannan fina-finai biyu akwai tarihin mutumin gaba ɗaya.

Ranar Wanka Ba a Ɓoyon Cibi

A tsakiyar shekarun 1970, daidai lokacin cika shekara 60 da kisan ƙare-dangin, ya rubuta "Ils sont tombés" domin tunawa da waɗanda suka mutu. Mijin yayarsa, Georges Garvarentz, shi ya sa kiɗan. A lokacin duniya ba ta cika tada zancen ba. Faransa ma sai a Janairun 2001 ta yi dokar amincewa da cewa kisan ƙare-dangi ne, Turkiyya kuwa ba ta yarda da wannan suna ba.

Sannan ranar 7 ga Disamba 1988 girgizar ƙasa ta auka wa arewacin Armeniya, wadda a lokacin tana cikin Tarayyar Sobiyet. Garin Spitak ya rushe, birnin Leninakan, wanda yanzu ake kira Gyumri, ya yi mummunar ɓarna, mutane aƙalla dubu 25 suka mutu. Aznavour ya kafa gidauniyar agaji, kuma a farkon 1989 ya tara mawaƙa da 'yan wasan Faransa fiye da 80 suka rera "Pour toi Arménie", aka tura kuɗin faifan ga waɗanda abin ya shafa. Daga nan bai ƙara sakin ƙasar ba. A 2004 ta ba shi lambar Gwarzon Ƙasa, a Disambar 2008 ta ba shi takardar zama ɗan ƙasa, a 2009 kuma ya zama jakadanta a Suwizalan, ƙasar da ya koma da zama tun shekarun 1970 bayan wani rikici da hukumar harajin Faransa.

To, wanda ya zubar da asalinsa, da me zai amsa wannan kira? Kuma me ya sa mawaƙan Faransa fiye da 80 suka amsa nasa kiran? Sun amsa ne saboda a wurinsu shi nasu ne, cikakken Bafaranshe. Faransancinsa ne ya zama tsanin da Armeniya ta taka ta kai kukanta kunnen duniya, Armeniyancinsa kuma shi ya ba shi dalilin kafa tsanin. Da ya rasa ɗaya daga ciki, da ɗayan bai yi wannan amfani ba. Shi kansa a wasu hirarrakin yakan ce shi Bafaranshe ne ɗari bisa ɗari, Ba'armene ɗari bisa ɗari, yana kwatanta abin da gahawa da madara idan an gauraya. Da Bahaushe ne da sai ya ce fura da nono: idan an dama, babu mai iya tsame ɗaya. Wannan magana ta fi ta 2013 kama da mutumin. Haka kuma a 2014 da 2015 ya fito fili yana kira da a karɓi 'yan gudun hijira, har yana ba da shawarar a zaunar da su a ƙauyukan Faransa da mutane suka ƙaurace wa.

Inda Misalin Ya Gaza

Adalci ne a faɗi iyakar wannan misali. Na farko, nasarar mutum ɗaya ba ta zama ma'auni ga dubban da suka yi irin ƙoƙarinsa ƙofa ba ta buɗe musu ba. Na biyu, Aznavour farar fata ne kuma Kirista, a ƙasar da yawancin mutanenta haka suke. Datse suna da ƙwarewa a harshe sun isa su sa ya saje. Ɗan baƙon da ya fito daga Afirka ba shi da wutsiyar da zai datse a daina ganin baƙuncinsa. Wannan ma wani dalili ne da ya sa shawarar "ka zubar ko ka tafi" ba ta da adalci, domin tana neman abin da wasu ko sun so ba za su iya bayarwa ba, kuma ko sun bayar ba lalle a karɓa ba.

An ga haka a 2024. Da aka ji raɗe-raɗin cewa Aya Nakamura, mawaƙiyar da aka haifa a Bamako ta Mali ta tashi a wajen Paris, za ta yi waƙa a bikin buɗe wasannin Olamfik, sai masu ƙyamar baƙi suka yi ca a kanta, suna cewa ba ta wakiltar Faransa kuma tana ɓata harshe. Ranar 26 ga Yuli ta fito a kan gada, gaban ginin da ke ɗauke da hukumar kula da harshen Faransanci, tare da makaɗan sojan fadar ƙasa, ta haɗa waƙoƙinta da "For me formidable" ta Aznavour. A shekarar ce kuma aka fitar da fim ɗin tarihinsa, "Monsieur Aznavour", wanda Tahar Rahim, ɗan iyayen da suka fito daga Aljeriya, ya fito a matsayinsa. A watan Fabrairun shekarar, gawar Manouchian da ta matarsa suka shiga Panthéon, hubbaren manyan Faransa, shekara 80 cif bayan harbe shi. Wanda aka yi wa dariya jiya ya zama ma'aunin Faransanci a yau, kuma 'ya'yan sababbin baƙi ne ke ɗauke da kayansa.

Na uku, akwai asarar da ba za a ɓoye ba. Kusan duk manyan waƙoƙin da aka san Aznavour da su, har da waɗanda ya yi wa Armeniya, da Faransanci aka rubuta su. Harshen iyayensa ya tsaya masa harshen gida da zumunci, bai zama harshen alƙalaminsa ba. Adabin Faransa ya yi riba, na Armeniya ya rasa marubucin da watakila da ya zama nasa. Idan akwai wani abu da ya ajiye da gaske, to wannan ne, kuma abin a yi juyayi ne, ba abin da za a mayar sharaɗi ga na baya ba.

Kammalawa

Tambayar da rayuwar Aznavour ta tayar ba baƙuwa ba ce ga duk wanda aka haifa a zango, ko a Kumasi ne ko Yawunde, ko Khartum ko Jidda ko Landan. A waje ana matsa masa ya saje, a gida ana tsoron kada ya ɓace. Abin da tarihin wannan mawaƙi ya nuna shi ne cewa ɗan baƙo yana cin gari da ƙwarewa a harshen masu gari da kuma naci a kan sana'a, kuma wannan ba cin amanar iyaye ba ne. Ya kuma nuna cewa abin da aka sha a nono yana da ranarsa, kuma idan ranar ta zo, wanda ya riƙe shi ne kawai zai sami abin miƙawa. Inda ya kamata na baya su wuce shi shi ne su kai harshen gida har bakin alƙalami, kada su bar shi a bakin murhu kaɗai.

Ranar 6 ga Oktoba 2018, washegarin karramawar Invalides, aka yi masa addu'ar jana'iza a cocin Armeniyawa da ke Paris, Armeniya kuma ta yi zaman makoki na ƙasa. Daga nan aka kai shi garin Montfort-l'Amaury, yamma da Paris, aka binne shi a kabarin iyalinsa, kusa da Misha da Knar, waɗanda suka sauka a Faransa da niyyar wucewa.